Wayo da Cin Amana a Littattafan Abubakar Imam

Masu sharhi da yawa sukan tattara halin Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja (1934) da na Waziri na Magana Jari Ce (1937) su kira su duka "rashin gaskiya". Wannan kuskure ne, domin Hausa ba ta gama su wuri guda ba.

Abin da ke tsakanin Zurƙe da Alhaji Imam wayo ne irin na Gizo. Kowa ya san halin ɗan'uwansa, yau wannan ya ci, gobe wancan ya rama, mai karatu kuwa sai dariya. Waziri fa, Sarki ya bar masa gari ya tafi yaƙi, shi kuwa ya haɗa kai da abokan gaba don ya ba da Musa. Sunan wannan cin amana, kuma ba ya yiwuwa sai inda aka yarda da mutum tukuna.

Kalmomin da ke ɗaukar irin wannan nauyi galibi daga Larabci suka shigo: ha'inci, munafunci, fasiƙanci, zalunci. Hausa ta liƙa musu ɗafin "-ci" ko "-nci", ta mai da su sunan hali, suna tafe da hukuncin addini. Wayo kuwa ba ya ɗauke da wannan hukunci. Har yabon yaro akan yi da shi.

Saboda haka malamin da ya koya wa ɗalibai cewa Zurƙe da Waziri ɗaya ne, ya ɓatar musu da ma'aunin da Imam ya auna mutanensa da shi.