Hajiya, Saƙonki Ya Tashi

Idan ka je tashar Unguwa Uku a Kano da sanyin safiya, kafin motocin farko su cika, za ka gan su suna sauka daga adaidaita sahu da ƙunshi bakwai ko goma, kowanne an naɗe shi da salatif kamar an yi masa rawani. Ba tafiya za su yi ba. Ba direbobi ba ne, ba kuma 'yan kamasho ba, amma duk tashar an san fuskokinsu. Su ne masu aika saƙo, aikin da 'yan kasuwa ke kira webil, kuma su ne ƙafafun matan da ke sayar da atamfa, leshi, abaya da turaren wuta a WhatsApp da Instagram daga cikin ɗakunansu.

Cinikin waya yana da wani lokaci mai tsinka zuciya. Mace a Gombe ta tura kuɗin turmi uku ga wata a Kano da ba ta taɓa gani ba, alat ya shiga, daga nan kuɗi ya bar hannunta, kaya kuma bai iso ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, to amma wa zai biya kuɗin mota zuwa Kantin Kwari da dawowa saboda turmi uku? Wannan tazarar ita ce gonar mai webil, kuma wanda ya iya noma ta ya cancanci a tsaya a kalli hannunsa.

Aikin yana farawa ne daga ɗauri. Gwani ya san but ɗin mota ba akwatin amarya ba ne: akwai jarkar manja, akwai buhun albasa, wani lokaci har da kaji. Saboda haka yadi sai an sa shi a leda biyu kafin ya shiga buhu. Kwalbar humra ana ɗaure bakinta da leda, a naɗe ta da tsumma, a tsayar da ita a tsakiyar kwali, kuma ba a haɗa ta da kilishi ko dambun nama, in ba haka ba mai kaya zai ci nama mai ƙamshin ɗakin amarya. Sai rubutu. Suna, gari da lambar waya, da maka mai kauri, a gefe biyu na ƙunshin, sannan a bi kan rubutun da farin salatif don kada ruwa ko gogayya su goge lamba ɗaya. Lamba ɗaya ta goge, saƙo ya zama maraya. Na ga waɗanda ke ƙara lambar mutum na biyu, miji ko ƙane, saboda sun san wayar mace takan kasance a hannun yara daidai lokacin da direba zai kira. Abu ɗaya ne ba sa rubutawa a jiki: abin da ke ciki.

Inda gwaninta take da gaske shi ne zaɓen mota. Taswirar tashoshin Kano a kan gwani take. Na Kaduna da Abuja a nufi Unguwa Uku, na Katsina Ƙofar Ruwa, na Haɗeja 'Yankaba, na Legas da Anaca kuma manyan bas-bas na New Road a Sabon Gari. Sanin tasha ma somin-taɓi ne. A cikin tashar akwai motar da ke kan layi, akwai ta bayanta, akwai kuma mai lodi a bakin titi wadda ba ta cikin rajistar kowa. Sabon shiga yakan ruga wajen ta bakin titi don ta fi araha kuma tana shirin tashi. Gwani ba ya yi, domin ranar da kaya ya ɓata babu ofishin da zai je ya yi sallama. Yana bi ta hannun 'yan ƙungiyar direbobi, su NURTW, inda aka san direba, aka san mai motar, aka san gidan da yake kwana. Yana leƙa cikin mota ya ƙirga kujerun da suka rage, ya kuma iya bambance fasinjan gaske da waɗanda aka zaunar don a ga kamar mota ta kusa cika. Idan ya ce wa mai kaya "nan da rabin awa za su ɗaga", da wuya ya yi kuskure.

Haka kuma ya san halin kowace hanya. Saƙon Maiduguri, misali, tafiya ce ta kusan kilomita 600, ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu, kuma an shafe shekaru ana rufe hanyar Damaturu zuwa Maiduguri da yamma saboda tsaro. Wanda ya san wannan ba ya ba motar hantsi saƙon da ake jira a ranar. Ko dai motar asuba, ko ya faɗa wa mai kaya gaskiya cewa sai gobe.

Da zarar kaya ya shiga mota sai ya ciro waya. Hoton ƙunshi a hannun direba, hoton lambar mota, hoton rasit idan tashar tana bayarwa. Zai karɓi lambar direba, ya kira ta nan take a gabansa har ya ji wayar ta yi ƙara a aljihu, domin lambar da aka karanta maka da baki cikin hayaniyar tasha ba lamba ba ce sai ta shiga. Zai tambaya, "Direba, a wace tasha kake saukewa, kuma in dare ya yi wa kake bar wa saƙo?" Sannan a tsayar da magana a kan kuɗin saƙo: an biya a nan, ko mai karɓa ne zai biya, don kada a yi ta sa-in-sa a can. Duk wannan yakan tattara shi a saƙo ɗaya ya tura: "Hajiya, saƙonki ya tashi, ga lambar direba, in Allah ya yarda bayan La'asar ku fara jira." Da rana ya kira sau ɗaya ya ji an wuce ina. Sau ɗaya tak, domin direban da aka dama da kira yakan daina ɗauka. Aikinsa bai ƙare ba sai ya ji "ya iso, mun gode".

Wannan da yake yi da idonsa da wayarsa, shi ne abin da manyan kamfanoni suka mayar lamba. A gidan waya ko kamfanin jigila irin su DHL da GIG, ana manna wa ƙunshi takarda mai zane-zanen layuka, a duk zangon da ya sauka na'ura ta karanta, mai kaya ya shiga intanet ya ga inda yake. Lambar da gidajen waya na duniya suka amince da ita tana da gurbi 13: haruffa biyu, alƙaluma tara, sai haruffa biyu na ƙasar da kaya ya fito, NG idan daga Nijeriya ne. A kasuwannin intanet na ƙetare abin ya wuce ado. A eBay, idan mai saye ya ce kaya bai zo ba, lambar da ke nuna an kai shi ce ke wanke mai sayarwa, in babu ita sai ya mayar da kuɗi. Amazon a Amurka kuwa tana so aƙalla kashi 95 cikin ɗari na kayan da mai sayarwa ya aika da kansa su zo da lamba mai aiki.

Shi ya sa ake ta muhawara ko a tilasta wa duk mai sayarwa a intanet aikawa da irin wannan lamba. Masu cewa a tilasta suna da hujja, kuma ba zan yi wa tasha kwalliyar da ba ta da ita ba. Wayar direba takan mutu a hanya. Mota takan lalace a daji. Kaya yakan kwana uku a ofishin tasha a ce sai an biya kuɗin ajiya. Idan ya ɓata, abin da ke biyo baya yawanci ban-haƙuri ne da sulhu, ba cikakkiyar diyya ba. Ga kuma 'yan damfara da ke tura hoton ƙunshin wani su ce an aika.

Sai dai lambar kamfani tana son abubuwan da ba kowa ke da su ba. Tana son adireshi, alhali da yawanmu adireshinmu shi ne "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙofa". Tana son ofishi, alhali akwai garuruwan da ba su da reshen kowane kamfani amma mota tana zuwa musu kullum. Tana kuma son kuɗi, wanda a kan kwalbar yaji ko hijabi ɗaya zai iya cinye ribar duka. Motar haya kuwa takan kai saƙon Kaduna a yinin da aka ba ta. Wannan hanyar ma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja neman goro ake damƙa wa matafiyi amana ya kai.

A ganina, abin da ya kamata a wajabta shi ne shaida, ba sunan kamfani ba. Waya mai tsada, gwal, kwamfuta, ko duk abin da zai tsallaka zuwa wata ƙasa mai nisa, wannan a kai shi inda za a ba da lamba da inshora, ko gwanin webil ma haka zai ba ka shawara. Sauran kayan yau da kullum kuwa, mai sayarwar da ta kasa turo hoton ƙunshi, lambar mota, lambar direba da sunan tashar sauka ba ta gama aikinta ba, kuma asarar a wuyanta take. Ke kuma mai saye, kafin ki tura kuɗi ki tambaya wa ke kai mata saƙo tasha, kuma ranar da kaya ya iso ki kira ki sanar, domin akwai mutumin da ke can yana jiran wannan kiran kafin ya soke sunanki a littafinsa.