Zaman biro ba shi ne aiki ba

Kamfanin Zoom na Amurka da korona ya yi kuɗi, don shi ya saida wa duniya hanyar yin taro daga ɗaka. Amma a 2023 sai ya ce ma'aikatansa na kusa su riƙa zuwa biro sau biyu a mako. To, wanda ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa! Amazon ma ya zarce: daga 2025, kwana biyar cur.

Shugabannin sun ce haɗuwa ido da ido ke kawo dabara. Da gaskiyarsu, sabon ma'aikaci a gefen tsoho yake koyo. Sai dai masu gunagunin nan ba malalata ba ne. Lokacin annoba daga gida suka riƙe kamfanonin, ba su rushe ba. Kukansu awowin da hanya ke cinyewa, da tsadar haya kusa da biro, da renon yara.

Ƴan'uwa, waninmu bai taɓa kai takarda biro ya tarar da mutum zaune tun safe, takardar ta yi mako ba ta motsa ba? Gobe in mun zama shugabanni, mu tambayi ma'aikaci abin da ya gama, ba awa nawa ya ɗumama kujera ba.