Sharhi: Sophie's World Da Rijiyar Kusugu

Da yawanmu in an ce "falsafa" sai gaba ya faɗi, wai ilimi ne mai rikita ƙwaƙwalwa ko raba mutum da imaninsa. Littafin Sophie's World na Jostein Gaarder, malamin makaranta ɗan ƙasar Norwe, ya fito a 1991 don kore irin wannan tsoro, har aka yi fim ɗinsa a 1999.

Dabararsa mai sauƙi ce. Yarinya 'yar shekara 14, Sophie, ta fara tsintar wasiƙu masu tambayarta ko ita wace ce, kuma daga ina duniya ta fito. Da haka malaminta Alberto ya bi da ita ta kan Sukuraɗ, Aflaɗon da Arisɗo, har zuwa Kant da Marx. Kana bin labari, ilimi na shigarka ba ka ankara ba. Nan kam sai a jinjina masa.

Amma fa akwai gyara. A wurare da dama labarin yakan tsaya cik, Alberto ya yi ta zuba kamar mai lacca. Babbar matsalar kuma, babu babi ko ɗaya na Farabi, Ibn Sina, Gazali ko Ibn Rushd. Ɗalibi a Daura zai rufe littafin yana zaton tunani a Turai kaɗai aka yi shi.

Alhali muna da namu. Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa (1804 zuwa 1864), jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya rubuta littattafan falsafa da Larabci. Kirk-Greene ya fitar da nazarinsa kan "mutumin kirki" a 1974, da Turanci. Mai karatun Hausa zalla fa, ina rabonsa?

Ga ma rijiyar Kusugu. Maciji ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, suka haƙura, har baƙo Bayajidda ya kashe shi ya auri Daurama. To me ke sa jama'a biyayya ga mai zaluntarsu? Jarumtaka kaɗai ta isa ba mutum mulki? Tambayoyin falsafar siyasa ke nan, a ƙofar gida.

Marubutanmu sun iya riƙe mai karatu da soyayya. Wanda zai ɗauki dabarar Gaarder ya fara daga Kusugu, ya sa Gazali da ɗan Tafa su zauna tabarma ɗaya da Aflaɗon, shi muke jira.