Jan Ruwan Inabi a Hannun Mugu

A shekara ta 1846 Edgar Allan Poe, marubucin Amurka, ya wallafa gajeren labarinsa, The Cask of Amontillado. Mugun, Montresor, shi ne mai ba da labarin, shekara 50 bayan aukuwarsa. Yana ƙullace da Fortunato, amma bai bayyana irin laifin ba.

Fortunato yana fahariya da sanin ruwan inabi. Montresor ya ja shi zuwa ɗakunan ƙarƙashin gidansa a Italiya, wai ya ɗanɗana masa wata ganga. Da tari ya sarƙe Fortunato a hanya, Montresor ya miƙa masa Medoc, jan ruwan inabi na Faransa, har ya yi masa fatan tsawon rai. Daga bisani ya ɗaure shi da sarƙa, ya rufe shi da gini da ransa.

Ƙarfin labarin yana cikin wannan kurɓi. Poe ya ba mugunsa ladabi da daɗin baki, yadda mai karatu zai ga ƙiyayya sanye da rigar zumunci. Sau da dama Montresor ya ce su koma, girman kai ya hana Fortunato. Mai saurin amincewa da yabo zai ga kansa a nan.