Jinjina ga Kunnen Makaho

Makahon da ke tsallaka titi a Ɗan Iya, cikin garin Bauchi, ba sa'a yake bi ba. Kunnensa ne ke auna ƙarar Keke Napep, ko tana matsowa ko tana nisa, sandarsa kuma in ta bugi ƙasa, amsar da bango ya mayar ta gaya masa faɗin lungun. Ilimi ne, shekaru ake yi ana tara shi, masu ido kuwa ko lura ba ma yi.

Wannan baiwar ce Peter Meijer, injiniya ɗan ƙasar Holan, ya dogara da ita da ya fito da fasahar The vOICe a 1992. Kamara ke ɗaukar hoto, manhaja ta karanto shi da sauti daga hagu zuwa dama duk daƙiƙa ɗaya. Abin da ke sama da siririyar murya, mai haske da ƙarfi. Abu in ya motsa, sai sautinsa ya sauya wuri a zagaye na gaba.

Daƙiƙa ɗaya dai ta yi wa babur mai gudu yawa, shi ya sa har gobe sanda ba ta ajiyuwa. Manhajar kyauta ce a wayar Android, amma sai mai haƙurin koyo, kuma a nan makafinmu sun riga kowa nisa.