Batta Biyar: Gwanintar Masu Daskararren Turare a Ƙasar Sin

Battar ba ta fi bakin ƙaramin kofin shayi faɗi ba. Idan ka buɗe ba za ka ga ruwa ba, sai wani abu daskararre kamar man kaɗanya da ya kwana cikin hunturu. Ka goga ɗan yatsa a kai, ɗumin jikinka ya narkar da ɗan kaɗan, ka shafa a wuyan hannu ko bayan kunne, shi ke nan. Ba a fesa shi, ba a kuma dama shi da barasa kamar yawancin turarukan kwalba, abin da zai yi wa masu tsantseni daɗi. Wanda ke nesa da kai ba zai san ka sa komai ba sai ya matso ku gaisa. Sinawa na ce masa xianggao, wato man ƙamshi, kuma cikin masu yin sa da hannu akwai waɗanda ke jera batta biyar a akwati guda, kowace da sunanta: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Aikin waɗannan mutane ne ya ba ni sha'awa, domin sun ɗauko wa kansu kayan da ba kowa ke iya ɗauka ba.

Almajirin da ya leƙa littattafan ɗibbu ya san ɗabi'u huɗu: wuta, iska, ruwa da turɓaya. Sinawa biyar suke ƙirgawa, babu iska a ciki, amma akwai itace da ƙarfe. Suna kiransu wuxing, kuma kalmar xing tafiya take nufi, domin a ganinsu abubuwan nan biyar kullum a kan hanya suke, wani na miƙa wa wani. Itace ke ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, ƙasa ta haifi ƙarfe, ƙarfe ya tara raɓa, ruwa ya shayar da itace. Ta ɗaya gefen kuma kowa da maganinsa: ruwa ya kashe wuta, wuta ta narka ƙarfe, ƙarfe ya sare itace, saiwar itace ta tsaga ƙasa, ƙasa ta datse ruwa. Ana danganta tsara wannan tunani ga wani masani mai suna Zou Yan, wanda ya rayu fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya aka raba wa kowanne lokacinsa a shekara, da kusurwarsa, da launinsa, da ɗanɗanonsa. Itace ya sami tsami, wuta ɗaci, ƙasa zaƙi, ƙarfe yaji, ruwa gishiri.

An kuma raba musu abin da hanci ke ji, kuma a nan gizo ke saƙar. A babin watanni na tsohon littafin ladubba da ake kira Liji, rabon itace shi ne hamami irin na bunsuru. Rabon wuta ƙauri ne. Ƙarfe ya tashi da ƙarni irin na ɗanyen kifi ko jini, ruwa kuma da ɗoyin ruɓa. Ƙasa ce kaɗai aka ba ƙamshi. Wato mai turaren da ya ce zai bi tsarin kakanninsa sau da ƙafa, batta ɗaya ce tak za ta saidu, sauran huɗun ko kyauta ba mai karɓa. Don haka sai ya koma ga lokaci, launi da ɗanɗanon kowane ɗaya ya nemo masa ƙamshi, sannan, idan gwani ne, ya bar ɗan ɓurɓushin wancan wari na asali can ƙasa, daidai gwargwadon yadda daddawa ke gyara miya ba tare da ta cika ɗaki ba.

Kafin a kai ga ƙamshi sai an gina masa gida, wato kaki da mai. Wannan fanni tsoho ne a wurinsu. Littafin noma da sarrafa kayan gida na Jia Sixie, wanda aka rubuta wajen shekarar 540, ya koyar da haɗa man fuska da ɓargon sa, ana sa masa kanumfari da wani ganye mai ƙamshi. A zamanin daular Tang sarki kan raba wa fadawansa man leɓe da man fuska a watan ƙarshe na shekara, lokacin da sanyi ke fasa fata. Masu sana'ar yau sun bar ɓargo sun koma kakin zuma, wanda ke narkewa tsakanin digiri 62 zuwa 64, suna haɗa shi da man jojoba da ba ya saurin lalacewa, ko man irin kamiliya, dangin ganyen shayi, wanda matan kudancin Sin suka daɗe suna shafa wa gashi. Ba a ɗora kakin kai tsaye a wuta. Kwanonsa ake sakawa cikin wata tukunya mai ruwan zafi har ya narke a hankali. Idan kaki ya yi yawa, battar ta zama kyandir, yatsa ya yi ta zamewa a banza, ƙamshin kuma ya maƙale a ciki. Idan mai ya rinjaya, ta zama kunu a aljihu.

Lokacin zuba ƙamshin shi ne wurin da ake gane hannu. A zuba da zafi, masu saurin tashi irin su ɓawon lemo da na'a-na'a su gudu tare da tururi. A yi jinkiri kaɗan, kakin ya fara kamawa ya yi gudaji. Tsakanin biyun 'yan daƙiƙu ne, kuma gwani na gane su da ido, idan gefen kwanon ya fara yin hazo-hazo. Kaki kuma yana da halinsa na danne ƙamshi mai kaifi ya tausasa shi, shi ya sa haɗin da ya yi daɗi a kwalba kan iya mutuwa murus a batta. Dole a sake auna komai daga farko.

Wajen auna ɗin ma suna da tsarin da suka aro daga masu haɗa magani: sarki, waziri, mataimaki da jakada. Sarki shi ne ƙamshin da battar ta ginu a kansa. Waziri na ƙarfafa shi, mataimaki na rage masa zafin kai, jakada kuma, wanda bai fi ɗigo ɗaya ko biyu ba, shi ke fara isa hanci ya yi sallama. Duk wanda ya taɓa zama a fada ya san abin da ke faruwa idan waziri ya fi sarki murya.

Battar itace ita ce tarkon sabon shiga. Da ya ji an ce itace sai ya ɗauko sandal, alhali itacen wuxing tsiro ne ɗanye mai kore, na lokacin da bishiyoyi ke toho bayan sanyi. Gwani ganyen gora yake nema, da ɗanyen shayi, da ɗan tsamin ɓawon lemo, abin da zai tuna maka reshen da aka karya yanzun nan. Wuta ba ta da wahalar fahimta: kirfar Guangxi, kanumfari, wani lokaci da hayaƙin shayin Lapsang Souchong na tsaunukan Wuyi, wanda ake busarwa a kan wutar itace, ga ƙaurin nan ya dawo cikin mutunci. Illarta ɗaya, man kirfa na ƙona fata idan ya wuce kima, don haka hannu a tsuke ake zuba shi. Ƙasa kuwa gata gare ta tun asali. Kakin zuman kansa na ba ta zaƙi, a ƙara mata saiwar jema da furen guihua, ɗan mitsitsin fure mai ƙamshi kamar nunannen ɗan itace, wanda birnin Guilin ya samo sunansa daga gare shi.

Ƙarfe shi ne jarrabawar. Ƙarfe ba shi da wari ko kaɗan. Abin da muke ji a tafin hannu bayan mun riƙe makulli ko tsabar kuɗi daga jikinmu yake fitowa: wani bincike da Dietmar Glindemann da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa gumi da maiƙon fata ne ke haɗuwa da ƙarfen su haifar da wannan ƙarni. Abin mamaki, mutanen da suka ba ƙarfe ƙarni shekaru fiye da dubu biyu da suka wuce ba su yi nisa da gaskiya ba. To yaya za a sa abin da ba shi da ƙamshi cikin batta? Sai mai turare ya bar hanci ya nufi fata. A tsarin nan ƙarfe fari ne, na kaka ne, mai yaji, mai sanyi kamar wuƙar da ta kwana a waje. Akwai wani farin ƙaro dangin kafur da ake samu a bishiyoyin Borneo da Sumatra, Sinawa na kiransa bingpian, ɓarɓashin ƙanƙara, wanda ke sa hanci ya ji sanyi. A haɗa shi da lubban mai kaifi, da citta, da ɗan barkonon Sichuan mai sa harshe zuga, sai ka ji wani abu siriri, busasshe, mai sheƙi. Kuskuren ɗigo ɗaya kuwa, battar ta koma man zafi na ciwon baya. Ni a ganina duk wanda ya iya battar ƙarfe ya iya sauran.

Ruwa ma ba shi da ƙamshi, kuma ruwan wuxing ba na ƙorama mai haske ba ne. Baƙi ne, na tsakiyar hunturu, mai zurfi, mai gishiri. A nan Sinawa suka yi dace, domin sarkin turarukansu sunansa chenxiang, ƙamshi mai nutsewa. Shi ne itacen ud da muka sani a shagunan masu turare. Bishiyar da ke ba da shi fara ce, mara nauyi, mara ƙamshi, sai ta ji rauni ta yi ta zubo ƙaro cikin jikinta shekara da shekaru har wurin ya yi baƙi ya yi nauyin da zai nutse a ruwa. Ding Wei, wani waziri na daular Song da aka kora zuwa tsibirin Hainan a 1022, a zaman gudun hijirarsa ya rubuta littafi kan ud ɗin tsibirin. Wato ƙamshin ruwa daga ciwon itace yake fitowa, ga ruɓar da tsohon littafi ya ambata ta zama abin da ake saye da tsadar zinariya. Yau cinikin itacen na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES saboda an kusa ƙarar da na daji, kuma mafi yawan abin da masu sana'a ke samu daga gonaki yake zuwa.

Gishirin battar ruwa kuma wani abu ke kawo shi da matan Barno da na Sudan za su gane nan take: farce, wato murfin dodon-koɗin teku da ake sa wa humra da turaren wuta. Sinawa na ce masa jiaxiang, kuma tsofaffin littattafansu sun yi dogon bayani kan yadda ake dafa shi a sake dafawa har ƙarninsa ya fita, ya bar abin da ke riƙe sauran ƙamshi kada ya gudu. Ba abin mamaki ba ne a sami kaya iri ɗaya a Maiduguri da ƙasar Sin, domin hanyoyin fatauci sun daɗe suna yaɗa kayan ƙamshi. A 1974 an tono wani jirgin ruwa na ƙarshen daular Song a gaɓar Quanzhou, birnin da Ibn Battuta ya sani da suna Zaitun, aka iske itatuwan ƙamshi kimanin kilo 2,400 a cikinsa, da lubban, da ambar, da masoro, har da wuri.

Bayan an zuba an rufe, saura haƙuri. Masu turaren wuta na zamanin Song kan kwaɓa haɗinsu da dafaffiyar zuma, su toshe shi a tulun tangaran, su binne a ƙasa wata guda ko fiye kafin su ƙona. Wani marubuci mai suna Zhou Jiazhou ya tattara ɗimbin irin waɗannan haɗe-haɗe a kundinsa mai babi 28 da ya kammala a 1641, bayan ya shafe fiye da shekara 20 a kansa. Mai batta na yau ba ya haƙa rami, amma yakan ajiye haɗin mansa makonni a wuri mai duhu kafin ya kusanto da shi ga kaki, domin sabon haɗi kowa maganarsa yake yi, sai sun zauna tare tukuna suke zama murya ɗaya. Duk matar da ta taɓa jiƙa humra ta san wannan ba sai an gaya mata ba.

Akwai inda nake rabuwa da wasu masu tallar kayan. Za ka ji ana cewa battar itace na gyara hanta, ta ruwa na gyara ƙoda, ko a duba ranar haihuwarka a ce ƙarfe ne ya yi maka ƙaranci, ka saya ka cike gurbin. Wannan zancen kasuwa ne, kuma kakin da aka shafa a bayan kunne ba ya canza wa kowa rabo. Sana'ar ba ta ma buƙatar wannan ƙarin gishiri. Mutumin da ya sa ka ji sanyin wuƙa da zurfin rijiya daga cikin kakin zuma ya riga ya ci kuɗinsa.

Idan Allah ya sa irin wannan akwati ya faɗo hannunka, mai karatu, kada ka yanke hukunci da shinshinar bakin batta. Shafa a wuyan hannu, ka ba shi kamar minti goma ya ɗauki ɗumin jikinka, kuma ka fara da ta ƙarfe, ita za ta gaya maka ko gwani ne ya yi. Sannan kada ka manta da ita cikin mota a rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato, domin haɗin kaki da mai na yin laushi tun kafin zafi ya kai digiri 62.