Mai Birgi a Inda Ruwa Bai Kai Ƙugu Ba

Mu mutanen Kontagora a tukunya muka fi sanin kifi. Kwandunan banda su sauka a kasuwa daga Yawuri da Malale da ƙauyukan Magama na bakin ruwa, uwargida ta taya, ta saya, ta cire ƙaya ta zuba a miyar kuka, magana ta ƙare. Kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa da sanyin asuba a gaɓar tafkin Kainji suka ga yadda ake raba kifin nan da ruwa, alhali tafiyar ba ta kai ta Minna nisa ba. Ni na tsaya na gani. Tun daga ranar, in ana lissafin gwanaye, ina sa mai jifan birgi, ragar nan ta kamun kifi, a layi ɗaya da maƙeri da magini da masassaƙi.

Da aka kammala madatsar Kainji a shekarar 1968, kogin Kwara ya kumbura ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya ci tsohon garin Busa da tsibirai da gonaki, aka tashi mutum kusan 44,000 aka sake musu matsuguni. Ruwan ya kutsa cikin kowane kwari da kowane bakin rafi, ya bar ɗaruruwan lunguna marasa zurfi, ƙarƙashinsu kuwa kututturan itatuwa da tsofaffin kunyoyin gona suna nan kwance har yau. A waɗannan lunguna mai birgi yake cin abincinsa. Sarkawa, waɗanda suka gangaro daga ƙasar Kabi da sana'ar su a jininsu, da Gungawa mutanen tsibirai, su ne iyayen wannan fage.

Abin da ya sa aikin ya yi wuya shi ne gaɓar ba ta zama wuri ɗaya. Masuntan bakin teku a Ikko ko Kalaba suna ganin ruwa ya shigo ya fita sau biyu a yini. A Kainji shigowa da fitar sau ɗaya ce a shekara, amma tsakanin cikar tafki da janyewarsa akwai kusan mita 10. Daga wajen watan Agusta farin ruwa ke zuwa, ruwan daminarmu ta nan kusa, mai laka, kamar kunun da aka tsinka. Sai kuma baƙin ruwa, wanda ya zuba a tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya iso mana garau a tsakiyar hunturu. Daga nan tafki ya fara ja da baya har wata damina. Inda mai birgi ya jefa a watan Janairu, a watan Mayu albasa ce a shuke a wurin. Dole ya riƙe taswirar ƙasa biyu a kansa, ta rani da ta cikar ruwa, ya san a ƙarƙashin wancan shimfiɗaɗɗen ruwa akwai kututturen ɗorawa da zai yaga masa raga, a can kuma akwai tsohuwar hanyar shanu da kifi ke bi.

Wani dattijo da na bi cikin jirginsa ya yi kusan rabin sa'a bai jefa ko sau ɗaya ba. Yana tsaye a goshin kwalekwale, birgi a naɗe a hannunsa, jikansa a baya yana tura jirgin a hankali, ko filafili ba ya bari ya taɓa katako. Da na gaji na ce, "Baba, yaushe za a fara?" Bai juyo ba, ya nuna da haɓa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, dubi ciyawar can. Akwai iska?" Babu iska, amma wani ɓangare na ciyawar yana rawa. Karfasa ce ke kiwo a gindinta.

Wannan karatun ruwa shi ne kashi mafi girma na sana'ar, jifan kansa ƙarashe ne. Gwani yana bambanta kumfar da tarwaɗa ke saki in ta taso shaƙar iska da kumfar ruɓaɓɓen ganye. Yana ganin ƙananan kifi sun watse a saman ruwa kamar an watsa tsaba, ya san tsage ne ko giwan ruwa ya biyo su. Ɗan gurɓacewar da ta tashi a wuri guda cikin ruwa mai kyau tana gaya masa akwai mai tonon ƙasa a ƙasa. Tsuntsayen bakin ruwa ma 'yan rahotonsa ne. Kuma duk wannan lokaci shi ma ana karanta shi, don Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce kifi na ganinka, mai jar koma. A ruwan da bai kai ƙugu ba, inuwar mutum kaɗai ta isa ta kori garke. Shi ya sa ake shiga lungu da rana a gaba, inuwa a baya. A farin ruwa ana iya matsawa kusa; a baƙin ruwa sai jifa daga nesa, ko a bari sai duhun asuba. Wasu kan dunƙula dusa da laka su jefa a wurin da suka yi wa alama, su ba shi lokaci, su dawo.

Sai jifan. Birgi raga ce mai da'ira, gefenta duka an jera dalma, tsakiyarta da doguwar igiya da ake ɗaurewa a wuyan hannu. Mai jifa yakan naɗe igiyar a hannu ɗaya, ya tattaro jikin ragar, ya raba gefen dalma kashi-kashi: wani a kan gwiwar hannu ko kafaɗa, wani a ɗaya hannun, wasu har da haƙori suke riƙe ɗan gefe. Ya murɗa ƙugu baya, ya dawo da shi gaba, ya saki kashin nan ɗaya bayan ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ƙarfin dantse ba ya buɗe birgi. Juyin ƙugu ne ke sa dalma ta ja kowane gefe waje, ragar ta baje a sama kamar faifai, ta sauka gaba ɗaya a lokaci guda. In gefe ɗaya ya riga sauran taɓa ruwa, kifi ya sami ƙofa. Ɗan koyo birginsa kan faɗi a dunƙule kamar wankin da aka yar, ya yi wata da watanni yana jifa a kan yashi kafin a bar shi ya hau goshin jirgi. Ka tuna kuma duk wannan a kan katakon da ke lilo ake yi, jiƙaƙƙiyar raga da dalmarta na da nauyi, kuma mutum zai maimaita ta sau da dama kafin hantsi.

Abin da ya fi burge ni shi ne jan. Na zaci da raga ta nutse za a fizgo ta. Ashe jira ake yi dalma ta zauna, sannan a riƙa jan igiya sannu-sannu, dalmar na jan ciki a kan laka tana haɗuwa, kifin na shigewa aljihunan da aka ɗinka a gefen ragar. Dattijon yana jin abin da ke ciki ta igiyar nan kafin ya gani. Ya ce karfasa bugu take yi, kurungu kuwa sai ya kafa ƙayoyinsa ya sarƙe, kuma in igiyar ta yi nauyin da ba ya motsi, to itace ne, sai yaro ya nutsa ya kwance da hannu. Da la'asar kuma ga shi a gindin bishiya yana ɗinke inda ya yage, yana auna idon raga da yatsunsa: yatsa biyu, yatsa uku. A wannan awon ake gane mai tsoron Allah a cikin masunta, don ido mai faɗi yana barin ƙananan su fice.

Me ya tara kifi a wannan ɗan ruwa, ga tafki mai zurfi a gabansa? Ciyawa ce, musamman burgu. Burgu yana tsiro a laka, yana miƙewa tare da hawan ruwa, karansa na yawo a sama har ya kai tsawon mitoci. Cikinsa ɗakin haihuwa ne. Bargi yakan share fili mai da'ira a tsakiyar ciyawa ya yi sheƙa. Yauni yana gina tasa sheƙar tana yawo a kan ruwa. Karfasa tana haƙa 'yan ramuka a ƙasa mara zurfi, wata irinta ma uwar a baki take goyon ƙwai da 'ya'ya. Tarwaɗa da ruwan farko take kutsawa cikin ciyawar da ruwa ya sha don ta zuba ƙwai. 'Ya'yan duka a nan suke samun ƙwari da gansakuka, a nan suke ɓuya daga manyan da za su haɗiye su. Ƙaton giwan ruwan da ake ɗauka mutum biyu, shi ma a irin wannan gefe ya yi ƙuruciya.

Tarihin tafkin kansa ya nuna haka. Shekarun farko, da ruwa ya hau sabuwar ƙasa mai ciyawa da ganye, kifin faliya ya yi yawan da ba a taɓa gani ba, kamun shekara ya kai wajen tan 28,000 a farkon shekarun 1970. Kafin ƙarshen shekarun ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Daga baya aka shigo da dala, doguwar raga mai ido kamar na gidan sauro, da sunan kamun warangi, ana jan ta zuwa gaɓa tana kwashe 'ya'yan kowane kifi tana rusa sheƙoƙi. Ga kuma masu kewaye burgu da raga su yanke shi tas su tsince duk abin da ke ciki. Ga sare itatuwan gaɓa don banda, ga noma har leɓen ruwa da maganin feshi da ruwan sama ke wankowa. A shekarun 1990 wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa, ya zauna da sarakunan ruwa da masarautu, jihohin Neja da Kebbi suka yi dokar idon raga, aka haramta dala da yankan ciyawa. Dokar ta yi aiki gwargwadon yadda masu sarautar ruwa suka tsaya mata.

Gyaran gaɓa abu ne da wasu suka gwada suka ga amfaninsa. A fadamun Mali, yankin Mopti, bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye burgu, ƙauyuka sun koma dasa shi da hannu, ana yanko kara ana dannawa a laka, makiyaya suka sami abincin shanu, masunta suka sami wurin haihuwar kifi. A Kasamans ta ƙasar Senegal, inda ruwan gishiri ne, mutanen ƙauye tare da ƙungiyar Oceanium sun dasa miliyoyin itatuwan bakin teku masu saiwoyi a waje, don a cikin saiwoyin nan jatan lande da ƙananan kifi ke girma. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hikima: a Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada tsawon shekara, shi ya sa ranar bikin kamun kifi ake fito da kifin da ke ba duniya mamaki.

Sai dai a faɗi gaskiya, gyaran yana da tsada a wurin mai birgi. In ciyawa ta dawo ta yi kauri, birgi ba ya kaiwa ƙasa, sai ya rataye a kan kara kifi ya fice ta ƙarƙashi. Dole ya koma jifa a bakin ciyawa da 'yan hanyoyin da ke tsakaninta, kuma in an rufe lungu a watannin haihuwa, tukunyar gidansa ce ke fara ji. Injiniyoyin madatsa su ma suna da kukansu, cewa ciyawa mai yawa tana shan ruwan da za a juya injin lantarki da shi. Akwai kuma gyaran da ɓarna ce: a zuba duwatsu ko a ja katangar siminti a bakin ruwa don hana zaizaya, gaɓa ta yi kyan gani, amma gangaren nan mai laushi da kifi ke haihuwa a kai ya tafi. Haka nan ba kowane kore ba ne alheri. Baƙuwar kainuwa mai fure da ta shigo tafkin a ƙarshen shekarun 1980 rufe ruwa take yi, ta toshe mashigi, ta hana jifa. Wanda zai bambanta ciyawar da za a dasa da wadda za a kwashe, ya nuna lungun da bargi ke sheƙa da watan da ya kamata a bar shi, shi ne wannan mutum da ke tsaye a goshin jirgi tun yana yaro.

Ina kira ga hukumar raya yankunan madatsun ruwa da ke Minna, da ma'aikatun jihohin Neja da Kebbi, da masarautun Kontagora da Borgu da Yawuri: duk ranar da za a taɓa gaɓar Kainji da sunan gyara, a fara kiran Sarkin Ruwa da tsofaffin masu birgi su zauna a gaba, kuma a tanadar musu abin riƙe gida a watannin da za a rufe ruwa. Ke kuma uwargida, in kin je kasuwa kika ga tulin 'ya'yan karfasa da ba su kai tsawon yatsa ba, ki wuce su, ki sayi babba ko da guda ɗaya ne.